Jatan Landen Mai Agogo

Mijina mai gyaran agogo ne, ko in ce da can shi ne. Shekara da shekaru yana zaune a ɗan shagonsa da bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, da madubin nan na masu agogo maƙale a idonsa na dama, yana tsintar ƙusoshin da ni ko an ɗora mini a tafin hannu sai in ce ƙura ce. Duk layinmu Mai Agogo ake ce masa, ni ma in raina ya ɓaci haka nake kiransa, in ana zaman lafiya kuma Malam. Ni ɗinki nake yi a gida, kekena yana falo kusa da taga. Yara duk sun kama gabansu, Auta ma da ta rage ta yi nisa, sai dai waya.

Ciwon suga ne ya ci idonsa. Na hagu ya fara tafiya, ya ɓoye mini har sai da na ga yana zuba shayi a gefen kofi. Da na ja shi asibiti ina ta sababi a hanya, likitan ido ya haska ya haska, ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyoyin can ciki ne suke tsiyaya. Ya ce na daman ma ya kama hanya, allura da magani sai dai su rage masa gudu. Malam ya tambaye shi saura yaushe. Likitan ya yi ta juya bironsa yana cewa komai na Allah ne, ni kuwa na gane amsar tun daga juya biron.

Ya rufe shago, ya kwaso kayan aikinsa a gwangwanin biskit ya tura ƙarƙashin gado. Madubin kaɗai ya bari a aljihu. Daga nan sai zama, tun safe har yamma yana kan kujera ya yi tagumi, in na yi magana ya ce uhm. Mutumin da a da in ya fara labarin cikin agogo sai ka nemi hanyar gudu.

Wata rana mun fito daga allurar ido muna jiran mota, sai ya tsaya a bakin shagon wani mai sayar da kifin ado. Akwai wani ɗan akwatin gilashi a gefe, cike da wasu jajayen abubuwa suna ta tsince-tsince a jikin ganye. Ya ciro madubinsa ya kafa a ido ya manna fuska a gilashin mutane, ni ina jan hannun rigarsa don kunya. Mai kifin ya ce jatan lande ne na ruwan daɗi, ba na ci ba ne, babbansu bai wuce gaɓar yatsa ba. Ya ce a cikin akwatin suke hayayyafa. Macen takan riƙe ƙwanta a ƙarƙashin ciki tana yi musu fifita da ƙafafu kusan wata guda, sannan 'ya'yan su fito da kammalalliyar siffarsu, da gashin baki da ƙafafu da komai, amma ba su kai gashin ido tsawo ba.

Mota ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Da ƙyar na ɓamɓaro shi. Muna zaune a motar ya ce mini, a hankali yadda wani ba zai ji ba:

"Maman Auta, ina so in ga ɗan abin nan da aka ƙyanƙyashe a gidana. Da idona. Kafin a rufe ɗayan shagon ma."

Na buɗe baki zan ce masa mutane suna kiwon kaji suna kiwon awaki, shi ya rasa abin kiwo sai ƙwarin ruwa, sai na fasa. Na ce to Allah ya nuna mana.

Washegari na tashi na tarar ya ɗauke kwalin da nake yanka samfurin riga, ya zane bayansa da baƙin alƙalamin maka, layi manya-manya yadda zai iya gani. Na yi masa tatas a kan kwalin, ko a jikinsa. Ya aika aka kira ƙaninsa, wanda yake sana'ar yankan gilashi, suka duƙufa. Ƙanin nan nasa mutumin kirki ne, amma wallahi tunda nake ban taɓa jin ya ce wa yayansa a'a ba. In Malam ya ce rana ta fito da dare, zai leƙa waje ya ce ai kuwa Yaya akwai alama.

Duk tsarin akwatin a kan idon Malam aka gina shi. Madubin agogo ba ya ganin nesa, abu sai ya matso kamar zai taɓa shi. Saboda haka ya ce a yi akwatin dogo ta gefe amma siriri daga gaba zuwa baya, kada wani jatan lande ya sami inda zai je ya fi ƙarfin madubin. Ya ce kada ya yi zurfi. Aka auna tsayin idonsa yana zaune a kujerarsa, aka yanke ƙafafun wani tsohon teburina daidai nan, ina ji ina gani. Ƙasa aka zuba baƙin yashi, baya kuma ni na ɗinka masa baƙin ƙyalle aka manna, don jan jikinsu ya fito sosai. Fitilar teburinsa ta shago ita aka rataya a sama. Injin tace ruwa irin na kifi ya ce ba ya so, zuƙe 'ya'yan zai yi, sai aka sa soso da ɗan siririn tiyo mai fitar da kumfar iska, da ɗan inji mai batir saboda ɗauke wuta. Gansakukar da za su ɓuya a ciki kuwa, da zaren ɗinkina ya ɗaɗɗaure ta a jikin tsakuwa, ya jera duk a gaba, jikin gilashi.

Mai kifin da ya ga zanen ya jinjina kai, amma ya ja masa kunne. Ya ce akwati siriri ruwansa kaɗan ne, ruwa kaɗan kuwa ba ya jure wasa. In za a canza, a ɗebi kofi ɗaya ko biyu, a mayar da wanda ya kwana biyu a buɗe har maganin famfo ya fita. Ya ce abin nan ba ya son a canza masa ruwa farat ɗaya, musamman mace mai ƙwai. Malam ya ce ya ji. Shi da ya yi rayuwarsa da abin da numfashi ma yake ɓatawa, wa zai koya masa lallaɓawa.

Sai dokoki suka sauka a gidana. Ba a fesa maganin sauro a falo. Ba a kunna turare. Hannun da ya taɓa sabulu ko mai ba ya shiga ruwa. Duro guda aka ware a bayan ƙofa, ruwan jatan lande, ko alwala ba a yi da shi. Sauro ya yi ta cin ƙafafuna ina taka keke, ina cewa Mai Agogo, ni da ƙwarin nan wa ka fara aura? Ya ce ai ke ba kya mutuwa da wuri, shi ya sa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jira. Mai kifin ya ce kada a saka komai sai akwatin ya yi makonni da ruwa da kumfa kawai, har ɗan kore-koren nan ya fito a jikin gilashi da tsakuwa, don shi ne abincin 'ya'yan. Mutumin da kowace safiya sai ya rufe ido ɗaya ya gwada ko ɗayan yana nan, shi aka ce ya zauna ya jira datti ya tsiro. Ya kuwa jira. Kullum yana gaban akwatin da babu kowa a ciki, yana duba kumfa. Ni ce ma nake ƙosawa, in ce a zuba su haka mana, ya ce gaggawa ita ke karya ƙusa.

Da aka kawo su a leda, ya yi musu wuni guda yana ɗiga ruwan akwatin a ledar da kaɗan-kaɗan kafin ya sake su. Duk da haka wasu suka mutu a makon farko. Sauran suka zauna, suna cin ɗan alayyafon da nake tafasa musu, suna ta tsince-tsincensu. Malam ya dawo mutum. Surutu ya dawo, har ya fi na da. Ina ɗinki yana ba ni labarin wace ce ta ture wace a kan ganye, yana cewa in zo in ga yadda ƙafafunsu suke tafiya kamar cikin agogon hannu. Auta in ta bugo waya sai ta ce Mama, Baba ya warke ne? In ce mata bai warke ba, ya dai sami abin yi.

Ƙwai kuwa shiru. Wata ya wuce, wani ya kama. Allurar ido ana ta yi, kowane zuwa likita yana rage fara'a. Malam ya daina gane fuskar mutum daga ƙofa sai ya yi magana. Ni har na fara tsanar ƙwarin nan, ina ganin suna ci suna ƙiba ba su san ana jiransu ba.

Sai wata safiya ya ƙwala mini kira ina kicin, na fito da gudu na ɗauka faɗuwa ya yi. Ya cire madubin ya manna mini a ido. Wata babba ce, ja wur, ta kama gansakuka, a ƙarƙashin cikinta ga ƙwai kamar ƙananan duwatsu rawaya a cure, tana ta kaɗa musu ƙafafu. Ya sa mata suna Uwar Ƙwai. Ranar har abinci ya ƙara.

Daga nan ba ya tashi daga kujerar sai salla da barci. Yana bin ta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Bayan makonni ya ce ƙwan sun yi duhu, can kuma ya ce ya ga ɗigo biyu baƙaƙe a jikin kowane ƙwai. Aka tambayi mai kifin, ya ce idanun 'ya'yan ne, in an ga haka to an kusa, kwana kaɗan ya rage. Malam ya yi ta dariya shi kaɗai, wai su sun sami ido tun ba su fito ba.

Kwana biyu da wannan ya tashi da safe, ya zauna, ya kafa madubi, ya cire ya goge da bakin riga, ya sake kafawa. Sai ya ce ruwan ya gurɓace. Na bar keke na zo na duba. Ruwa garau, har ƙwayar yashi ana ƙirgawa. Na gaya masa. Ya ce ya yi fari kamar an ɗiga madara, ga wasu baƙaƙen zare suna yawo a ciki, wani abu ya ruɓe, in aka bar shi zai kashe Uwar Ƙwai. Sai na tuna likita ya taɓa cewa in jijiya ta fashe haka zai riƙa gani. Na ce Malam, ba ruwan ba ne, tashi mu je asibiti. Nan ya hau ni. Ya ce dama tun farko ba na son abin nan, ina baƙin cikin teburina da kwalina, yanzu kuma zan mayar da shi makaho tun Allah bai mayar da shi ba. Ni ma bakina ba ya shiru, na mayar masa, muka yi ba daɗi.

Ya ce a kira masa ƙaninsa ya raba gardama. Ƙanin ya zo, ya durƙusa gaban akwatin. Na gan shi sarai, ya ga abin da na gani. Ya ɗago ya dubi yayansa da ke jiran amsa da madubi a hannu, ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

"E to, Yaya," ya ce, "akwai ɗan dishi-dishi kam."

Da na raka shi ƙofa na wanke shi soso da sabulu. Ya ce matar Yaya, ki yi haƙuri, ta yaya zan dubi idonsa in ce masa idonsa ne? Na ce ai gara ka dube shi yanzu da yake ganinka. Ya tafi yana share hawaye, ni kuma na koma ciki ina huci.

Malam ya yi alkawari kofi biyu kawai zai canza, gobe kuma mu je asibiti. Da rana na fita kai wa wata mata ɗinkinta, na biya kasuwa sayen zare. Da na dawo, tun daga ƙofa na ji silifas ɗina a cikin ruwa. Falo ya jiƙe sharkaf. Yana tsaye da tiyo a hannu, rigarsa duk ruwa. Ya canza kofi biyu bai ga ya washe ba, ya ƙara, ya ƙara, har duron ya ƙare, ya koma ɗiba daga famfo kai tsaye. Kore-koren nan da aka yi makonni ana jira ya kankare shi tas da reza. Gilashi yana ta ƙyalli. Ya juyo inda ya ji motsina ya ce har yanzu bai gama washewa ba, amma ya fi ɗazu.

Na ɗauko tsumma na fara tsane ƙasa.

Da gari ya waye na riga shi zuwa. Jajaye da yawa suna kwance a kan yashi, ƙafafu a sama. A jikin gansakuka kuma ga wani farin abu kamar fatalwar jatan lande, da ƙwan nan duk a manne a cikinsa. Na ɗauka Uwar Ƙwai ce ta mutu, sai na hango ta a bayan soso, da ranta, cikinta fayau. Saɓa ta yi saboda sabon ruwan, ta tuɓe ɓawonta ta bar shi da ƙwan gaba ɗaya.

Da na gaya masa, ya ce in jawo gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Ya ciro hantsakinsa mafi siriri, aka sa ɓawon a farantin shayi da ɗan ruwa, ya ce zai ɓamɓare ƙwan ɗaya-ɗaya a sa su kusa da kumfa, ko iska za ta yi musu abin da uwar take yi. Hannun nan nasa ko rawa ba ya yi, yana nan yadda na san shi. Amma bakin hantsakin a gefen farantin yake sauka, yana tsintar ruwa. Na ce kawo in gwada, hannuna ya saba da allura. Na cire abin da na iya, na ɗaure a ɗan ƙyallen gidan sauro na rataya a bakin kumfa. Cikin kwana biyu duk suka yi fari suka yi gashi.

A asibiti likita ya ce jini ne ya zuba a cikin idon, wani zai janye, wani ba zai janye ba. Malam bai haɗa wannan da ruwan ba, ko kuma ya ƙi haɗawa. A hanya yana ta cewa da ya canza ruwan tun kwana guda kafin nan da an tsira, ya makara ne. Ni da ba a taɓa cina da baki ba, na ce haka ne.

Kaɗan suka rage, da Uwar Ƙwai a cikinsu. Na ɗauke tiyon na kulle a akwatin kayana. Ni na koma mai canza kofi biyu, mai tafasa alayyafo, mai wanke hannu da ruwa zalla. Kore ya sake tsirowa a hankali. Jinin idon ya ɗan janye, ya sake zuba. Malam ya daina bin su da madubi, sai dai ya zauna ya tambaye ni me suke yi. Da Uwar Ƙwai ta sake ɗauka, ni na gani na gaya masa. Ya kafa madubi ya daɗe, ya ce yana ganin wani ja-ja yana motsi. Bayan mako biyu jan ma ya tafi, sai hasken fitila kawai yake gane inda yake.

Wata safiya ina goge bakin tebur na ga wani abu ya yi tsalle a jikin gilashi, kamar ƙurar zare. Na ɗauki madubin a kan kujerarsa na duba. Ga shi nan, da gashin baki, da ƙafafu, da ɗigon idanu biyu, yana tsince kore da hannuwansa kamar ya shekara yana yi. Ga wani a gefensa, ga wani. Na daɗe a durƙushe ina tunanin ko in yi shiru. Daga baya na je na kamo hannunsa na zaunar da shi, na sa masa madubin, na kai fuskarsa daidai wurin, har goshinsa ya taɓa gilashi.

Ya daɗe a haka. Ina jin kumfa tana tashi, ina jin numfashinsa. Ya ɗan matsa hagu, ya ɗan matsa dama. Can ya cire madubin, ya laluba hannuna ya sa mini shi a tafi ya rufe yatsuna a kai.

"Suna da yawa?"

"Da yawa, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ruwan garau yake ko?"

Na ce garau yake.

Bai ɗauke hannunsa daga kan nawa ba. Sannan ya ce, "Maman Auta, ranar nan fa? Ranar da na canza."

Na so in yi irin ta ƙaninsa, wallahi na so. Bakina ya ƙi.

"Garau yake," na ce.

Ya ɗan zauna, sannan ya ce in taimaka masa in juya kujerar ta fuskanci ƙofa, ya fi son inda iska take shigowa. Na juya masa.

Yanzu akwatin ya cika maƙil, sun hayayyafa har ba su ƙirguwa, duk inda ka duba ja ne. Ƙaninsa ya ce zai yanka mana babba, na ce ya bar shi. Kullum da safe ina tafasa alayyafo in canza kofi biyu. Tun ranar bai sake tambayata me suke yi ba.